Almubazzaranci Cikin Masana'anta Da Haƙƙin Mai Cewa A Tsaya

Muna farawa da sunan Allah wanda Ya hore wa ɗan Adam ƙarfe da auduga da fata, Ya kuma sanar da shi yadda zai sarrafa su. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, in aka ambaci almubazzaranci a wurin wa'azi, abin da kan fara zuwa zukatanmu shi ne shagalin biki, da tuwon da ake zubarwa a kwata, da akwatunan lefen da ake jerawa don a ce wane ya isa. Wannan gaskiya ne, malamai kuwa ba su gaza ba wajen jan kunne a kansa. Amma akwai wani wuri inda dukiya kan lalace a wata guda fiye da abin da bikin attajiri kan ci, kuma da wuya ka ji mai wa'azi ya leƙa can. Wurin nan shi ne masana'anta, watau tun daga babbar masaƙa mai ma'aikata dubu har zuwa gidan burodi da injin casar shinkafa da ke bayan gari. Ɓarnar da ake yi a can ba ta da makaɗa ba ta da maroƙa, shi ya sa ba a jin ɗuriyarta. Sai dai a wayi gari a ga an garƙame ƙofa, magidanta sun koma gida hannu rabbana, sa'an nan kowa ya ce ai kasuwa ce ta juya.

Abin da muke so mu bayyana a wannan mako shi ne, mafi yawan ɓarnar masana'anta ɓoyayya ce, kuma ba ta fitowa fili sai mai masana'anta ya ba ƙaramin ma'aikacinsa izinin faɗin gaskiya, ya kuma tabbatar masa cewa faɗin gaskiyar ba zai raba shi da abincinsa ba.

Matsayin Shari'a

Da farko dai ya kamata mu san cewa maganar nan tana da asali cikin addini. A Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27, Allah Maɗaukakin Sarki Ya hana watsa dukiya, Ya kuma danganta masu yin haka da shaiɗanu. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Mugira ɗan Shu'uba cewa tozarta dukiya yana cikin abubuwa uku da Allah Ya ƙi mana. Hanin bai ware dukiyar gida ya bar ta kasuwa ba, bai kuma ce in dukiyar taka ce ka yi yadda ka ga dama da ita ba. Buhun fulawar da ya jiƙe a sito saboda an ƙi gyara rufi, da man gas da janareto ya sha alhali injin yana tsaye, duk sun shiga cikin hanin.

Har ila yau, an ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga wata tunkiya da ta mutu mushe, sai ya nuna wa masu ita cewa da sun jeme fatarta sun amfana da ita, domin cin naman kaɗai aka haramta. To, duba. Dabba ta riga ta mutu, asara ta riga ta auku, amma duk da haka sai da aka nemo abin da za a ceta daga cikinta. A Suratu Saba'i kuma Allah Ya ba da labarin Annabi Dawuda, yadda aka tausasa masa ƙarfe, aka umurce shi da ya ƙera sulke, ya kuma daidaita awon zobbansa. Ashe ke nan awo da daidaito cikin ƙira umurni ne da aka taɓa ba wani Annabi.

Sa'an nan akwai batun aibi. Muslim ya ruwaito labarin mai sayar da hatsi wanda ruwan sama ya jiƙa masa kaya, ya tura jiƙaƙƙen ƙasa ya rufe da busasshe. Da Annabi ya sa hannu cikin tsibin ya ji danshi, sai ya tambaye shi dalilin da ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kuma yi gargaɗi mai tsanani a kan algus. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa a babin ciniki an hana ɓoye aibin haja da cakuɗa mai kyau da maras kyau. Mu riƙe wannan labarin na mai hatsi, domin za mu ga mutanen da ba Musulmi ba sun gina masana'antu a kan wannan ƙa'ida, ta fito da aibi sarari.

Kada wani ya ce me ya haɗa mu da koyon tattali daga wajen waɗanda ba su yin salla. A shekara ta 5 bayan Hijira, Salmanul Farisi ne ya kawo shawarar haƙa gwalalo a Madina, dabara ce ta yaƙin Farisawa, aka kuwa karɓa aka yi aiki da ita.

Masaƙar Da Ke Tsayar Da Kanta

A ƙasar Japan an yi wani mutum ana ce da shi Sakichi Toyoda. An haife shi a 1867, ubansa kafinta ne, uwarsa kuwa tana saƙar hannu. Ya ƙare rayuwarsa wajen ƙera injunan saƙa, abin da ya fi damunsa kuwa shi ne wannan: in zare ɗaya ya tsinke, injin ba ya sani, sai ya ci gaba da saƙa, yadi ya yi ta fitowa da aibi har sai wani ya lura. Saboda haka tilas a tsayar da mutum a gaban kowane inji yana zuba ido, in kuwa ya yi gyangyaɗi, to, bandir guda ya tafi.

Dabarar da Sakichi ya yi ita ce, ya rataya wani ɗan siririn ƙarfe a kan kowane zaren tsaye. Muddin zaren yana miƙe, ƙarfen yana sama. Da ya tsinke sai ƙarfen ya faɗo, injin ya tsaya cak. A 1924 ya kammala injin da ya haɗa wannan dabara da ta sauya ƙoshiya ba tare da an tsai da aiki ba, har ya zamana mutum ɗaya yana iya kula da injuna kamar talatin. Labari ya kai Ingila, wadda ita ce uwar masaƙu a zamanin, har kamfanin Platt Brothers na garin Oldham ya sayi izinin ƙera irinsa a 1929 a kan fam 100,000.

Mai karatu ya lura da abin da ya faru a nan. Injin da ke tsayawa ya fi wanda ba ya tsayawa kawo riba, domin tsayuwar minti ɗaya ta fi arha bisa ga yadi ashirin na banza. Ɗan Sakichi, watau Kiichiro Toyoda, shi ya kafa kamfanin motoci na Toyota a 1937, ya kuwa tafi can da wannan tunani na ubansa.

Shekarar Wuya

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Japan ta zama kufai, ba kuɗi ba ƙarfe. A 1949 aka ɗaure bakin aljihun gwamnati don a kashe tsadar kaya, kasuwa ta mutu, Toyota ta sami kanta da motocin da ba a saya ba da basussukan da ba a biya ta ba. Bankuna suka kawo agaji bisa sharaɗi. A 1950 aka nemi ma'aikata 1,600 su ajiye aiki, aka yi yajin aiki na kusan wata biyu, a ƙarshe shi kansa Kiichiro ya sauka daga shugabancin kamfanin da ya kafa. A shekarar ce ɗan'uwansa Eiji Toyoda ya ziyarci masana'antar Ford a Amurka, ya tarar suna ƙera dubban motoci a rana, alhali su a gida 'yan gomomi suke yi. Ya gane cewa wanda ba shi da jarin Ford ba zai iya bin hanyar Ford ba, ta sayen manyan injuna da tara kaya jibgi.

Mutumin da ya ɗauki nauyin nemo wata hanya shi ne Taiichi Ohno. Shi ma daga masaƙar gidan Toyoda ya fito, ya shiga can a 1932, ya koma ɓangaren mota a 1943. Ohno ya kafa ma'auni guda: duk aikin da ba ya ƙara wa haja wani abin da mai saye zai yarda ya biya kuɗi dominsa, to, ɓarna ne. Japanawa suna kiran wannan ɓarna muda. Ya kasa ta kashi bakwai. Akwai ƙera abin da ya wuce bukata, da zaman jira, da jigilar kaya daga wannan kusurwa zuwa waccan ba dalili, da ƙara wa haja aikin da ba wanda ya nema, da tara kaya a sito, da kai-komon ma'aikaci yana neman guduma ko sifana, sa'an nan da ƙera abu mai aibi.

Cikin bakwai ɗin nan, wadda ya ce ta fi muni ita ce ta farko, watau ƙera abin da ya wuce bukata. Wannan ya ba mutane mamaki, domin a idon kowane manaja injin da ke ta aiki da sito cike maƙil alamun arziki ne. Amma a duba da kyau. Kayan da aka ƙera ba a sayar ba kuɗi ne da aka binne. Sai an gina masa ɗaki, a ɗauki mai gadi da sitokifa, ga tsatsa da ƙura suna ci, ga bashin da aka sayi ƙarfen da shi yana jiran biya. Mafi sharri kuma, in akwai aibi a cikinsa ba za a sani ba sai bayan wata uku, lokacin da an riga an ƙera dubu goma irinsa, wanda ya yi kuskuren ma ya manta abin da ya faru ran nan. Tarin kaya yana rufe aibi kamar yadda busasshen hatsi ya rufe jiƙaƙƙe.

Maganin da Ohno ya kawo ya ɗauko shi ne daga manyan kantunan Amurka, waɗanda ya ji labarinsu tun kafin ya gan su da idonsa a 1956. A irin kantunan nan mai saye yakan ɗauki abin da yake so daga kanta, mai kanti kuma ya mai da gurbin abin da aka ɗauka kaɗai. Sai Ohno ya ce haka za a yi cikin masana'anta. Kowane sashe ya je ya ɗauko abin da yake bukata daga sashen da ke bayansa, ya bar masa wani ɗan kati da suke kira kanban, sashen baya kuwa ba shi da izinin ƙera kome sai abin da katin ya ce. Ba kati, ba aiki.

Wannan ya jawo wata larura. In za ka riƙa ƙera kaɗan-kaɗan na iri-iri, tilas ka riƙa sauya mazubin ƙarfen da ke fitar da siffar ƙofa ko bonet sau da yawa, sauyawar kuwa a shekarun 1940 takan ci awa biyu zuwa uku. Sai suka zauna suka rarrabe abin da za a iya shiryawa tun injin yana aiki da abin da sai ya tsaya, suka rage yawan notuna, suka ajiye kowane kayan aiki a gurbinsa. Kafin shekarun 1970 su yi nisa, sauyawar ta dawo minti uku. Lura da haƙuri sun taimaka ƙwarai wajen kawo wannan. An ce ma Ohno yakan zana da'ira da alli a ƙasa, ya sa sabon injiniya ya tsaya a ciki awa da awanni yana kallon aiki, har sai ya iya faɗin ɓarnar da ya gani. Duniya ba ta farga da abin da suke yi ba sai da rikicin man fetur na 1973 ya karya kamfanoni da yawa, aka ga Toyota tana nan tsaye.

Igiyar Tsai Da Aiki

Yanzu mun zo ga gundarin magana. Abin da Sakichi ya ba inji, Ohno ya ba mutum. A kan layin haɗa mota aka rataya igiya a saman kowane ma'aikaci. Duk wanda ya ga noti bai zauna ba, ko wani ƙarfe ya zo a karkace, ko shi kansa ya yi kuskure, sai ya ja igiyar. Fitila ta kama, shugaban ƙungiyarsa ya sheƙo. In an gyara nan take, aiki ya ci gaba. In ba a iya ba, layi duka ya tsaya, ko da kuwa wanda ya ja igiyar jiya aka ɗauke shi aiki.

Mutane da yawa sun ce ai wannan halin Japanawa ne, ba zai yiwu a wata ƙasa ba. Sai aka yi gwaji a garin Fremont na Jihar Kalifoniya. Kamfanin General Motors yana da masana'anta a can wadda ta yi ƙaurin suna wajen rashin inganci da rigima tsakanin ma'aikata da shugabanni, har a kullum kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya zuwa aiki. Dokar wurin ita ce kada layi ya tsaya ko ana ha-maza-ha-mata, saboda haka mota mai aibi takan wuce, a tara irinta a fili, daga baya a warware ta a gyara. A 1982 aka rufe masana'antar.

A 1984 General Motors da Toyota suka haɗa gwiwa suka sake buɗe ta da sunan NUMMI. Mafi yawan waɗanda aka ɗauka tsofaffin ma'aikatan nan ne da aka ce ba su da amfani. Aka tura ɗaruruwansu Japan suka ga yadda ake yi, aka rataya masu igiya, aka kuma rubuta cikin yarjejeniya cewa ba za a sallami kowa ba sai in kamfanin kansa yana bakin halaka, kuma kafin a kai ga haka sai an fara rage albashin manya. Ba a jima ba rashin zuwa aiki ya faɗo zuwa biyu ko uku cikin ɗari, motocin wurin suka shiga sahun gaba cikin duk na General Motors wajen inganci. Da kasuwa ta yi sanyi a 1988 sai aka cika alkawari, aka tura waɗanda ba su da aiki wajen horo da gyare-gyare maimakon a kore su. An rufe NUMMI a 2010 bayan General Motors ta karye ta janye hannunta, amma darasin yana nan. Mutanen su ne dai na da, ginin ma shi ne, abin da ya sake shi ne an daina hukunta mai faɗin gaskiya.

Dalilin a fili yake. Ba wanda ya san inda ɓarna take kamar mai hannu a cikin aikin. Amma in ya san cewa ranar da ya nuna yadda mutum huɗu za su yi aikin mutum biyar, shi ne na biyar ɗin da za a kora, to, wauta ce ya buɗe baki. In kuma ya san za a yanke masa albashi saboda ya ce ya yi kuskure, sai ya tura jiƙaƙƙen ƙasa ya rufe da busasshe, kamar mai hatsin nan.

Inda Suka Yi Tuntuɓe

Adalci ne mu faɗi cewa waɗannan mutane ba ma'asumai ba ne. Wani ɗan jarida mai suna Satoshi Kamata ya shiga aikin wucin gadi a Toyota na wata shida, ya fito ya rubuta littafi a 1973 yana bayyana irin gajiyar da saurin layi ke jawo wa lebura. Wannan gargaɗi ne ga duk mai son kwaikwayo. Numfashin da ma'aikaci ke yi tsakanin aiki da aiki, da lokacin sallarsa da na cin abincinsa, ba sa cikin ɓarnar da ake kawarwa. Shari'a ta hana a ɗora wa na ƙasa da kai abin da ya fi ƙarfinsa, ta kuma yi umurni da gaggauta biyansa ladansa.

Haka kuma, duk lokacin da suka bar ƙa'idarsu ta fito da aibi sarari sun sha kashi. A 2009 da 2010 Toyota ta janye miliyoyin motoci saboda matsalar totur, a 2014 kuma ta biya gwamnatin Amurka dala biliyan 1.2 bayan ta amsa cewa ta ɓoye wa masu saye gaskiyar al'amarin. A watan Disamba na 2023 kamfanin Daihatsu, wanda mallakar Toyota ne, ya dakatar da fitar da dukkan motocinsa bayan bincike ya nuna an daɗe ana maguɗi a gwajin lafiyar mota. Masu binciken sun ɗora laifin a kan matsin wa'adi da yanayin da ƙanana ba su iya ce wa manya abu ba zai yiwu ba. Igiya tana rataye a layi, amma a ofis ba mai ƙarfin halin jan ta.

Batun rage ajiya ma yana da iyaka. A watan Fabrairu na 1997 gobara ta cinye wata masana'antar kamfanin Aisin, wadda kusan ita kaɗai ke yi wa Toyota wani ɗan ƙarfen birki, nan da nan layukan Toyota a Japan suka tsaya, sai da gomman kamfanoni suka taru suka kawo ɗauki kafin aiki ya dawo cikin kamar mako guda. Bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 2011, kamfanin ya nemi masu kawo masa wasu kayan lantarki masu wuyar samu da su riƙa ajiye na watanni. Wannan bai saɓa wa abin da muka faɗa ba. Suratu Yusuf ta nuna mana Annabin da ya ba da shawarar a ajiye hatsin shekara bakwai cikin zangarniyarsa, domin an san fari yana tafe. Ajiyar da aka yi da lissafi saboda wani haɗari sananne tanadi ne. Wadda ta taru saboda ba wanda ya ce a tsaya, ita ce almubazzaranci.

Mu Kuma Fa?

Mu ma mun san ɗacin rufe masana'anta. An buɗe masaƙa ta farko a Kakuri cikin Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya, har da Arewa Textiles wadda Japanawa ke da hannun jari a cikinta. Kafin ƙarshen 2007 mafi yawansu sun yi shiru. Rashin wutar lantarki, da tsadar baƙin mai, da atamfar fasa-ƙwauri, da tsufan injuna, duk gaskiya ne, kuma ba tattalin da zai kawo wa mutum wutar da ba a ba shi ba. Amma wanda yake sayen wuta da tsada shi ya fi kowa bukatar kada ya ƙona ta wajen ƙera abin da za a dawo masa da shi. Abin da ke hannun hukuma a ci gaba da neman sa wurin hukuma. Abin da ke cikin katangarka kuwa kai za a tambaya.

Saboda haka ga mai injin shinkafa, ko na man gyaɗa, ko majemi, ko mai gidan burodi, farkon aiki shi ne awo. Buhu nawa na shanshera ya shiga, nawa ya fito lafiyayyar shinkafa, nawa karyayya, nawa dusa, lita nawa ta man gas aka ƙona? A rubuta a allo kullum inda kowa zai gani. Sa'an nan mai gida ya bar ofis ya zo ya tsaya wuri ɗaya awa biyu yana kallo, ba faɗa ba tsawa. Zai ga janareto yana ruri ana jiran a kawo buhu daga can ƙarshen fili, zai ga makanike yana zagaye yana neman sifana, zai ga ɓuntu tsibi guda ana neman inda za a zubar alhali ana sayen itace don turara shinkafa.

In an ga aibi, Ohno ya koyar da a tambayi dalili har sau biyar maimakon a tambayi wane ne. Ga misali. Shinkafa ta fito da karaya da yawa. Don me? Don ta bushe fiye da kima kafin a casa. Don me? Don ta yi kwana biyu tana shanye a rana. Don me? Don injin ya tsaya. Don me? Don bel ya tsinke kuma ba wani a ajiye. Don me? Don ba a ɗora wa kowa duba bel ba. Da an tsaya a tambaya ta farko, da yaron da ke shanya aka zaga, gobe kuma a sake. Da aka kai ta biyar sai ga shi laifin yana kan tsarin da mai gida ya shimfiɗa, maganinsa kuwa bel guda ne a ajiye da mutum guda da zai riƙa dubawa kowace safiya.

Game da yanke albashi kuwa, malaman fiƙihu sun bambance tsakanin mai sana'a mai zaman kansa da ke karɓar kayan jama'a, kamar tela da marini, wanda a mazhabar Malik yake lamunin abin da ya lalace a hannunsa, da ma'aikacin da ka ɗauka yana aiki ƙarƙashinka, wanda shi amintacce ne, ba ya biya sai in ya yi ganganci ko sakaci. Duk mai masana'antar da ya saba zaftare kuɗin ma'aikaci a kan kowane kuskure, ya je ya tambayi malami hukuncin abin da yake ci. Ban da nauyin da ke kansa a Lahira, yana koya wa yaransa ɓoye-ɓoye da kuɗinsa. Abin da ya fi shi ne ya tara su ya yi alkawari a gabansu cewa ba wanda zai rasa aikinsa saboda ya nuna hanyar sauƙaƙa aiki, in kuma an sami rarar kuɗi ta dalilin shawarar wani, a ba shi rabonsa a bainar jama'a.

Kai kuma ɗan'uwa ma'aikaci, amanar tana kanka kamar yadda take kan mai gida. In ka ga aibi ka bar shi ya wuce don kada a ce ka tsai da aiki, ka sani wata uwa ce za ta sayi shinkafar nan mai tsakuwa da kuɗin guminta, wani direba ne zai hau titi da ƙarfen da ka san bai ɗauru ba. Man da aka zuƙe daga tanki da dare, da awa guda da aka kwanta bayan inji, su ma suna cikin abin da ke rufe ƙofar da kake ci daga gare ta. Rigakafi dai ya fi magani, wurin rigakafin kuwa shi ne hannun da aibin ya fara bi.

Muna roƙon limamai da masu wa'azi, musamman na masallatan da ke kusa da Bompai da Sharaɗa da Challawa da Kakuri da makamantansu, su sa wannan babi cikin huɗubobinsu, domin masu masana'antu da leburorinsu a sahu ɗaya suke tsayawa ran Juma'a. Allah Ya sa albarka cikin sana'o'inmu, Ya tsare mu daga tozarta abin da Ya ba mu amana, Ya ba shugabanninmu kunnen sauraron na ƙasa da su. Amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.